Abeokuta: garin da kusan kowane lungu akwai sunan wani babba

Ni dai ba yawon buɗe ido ne ya kaini Abeokuta ba, kaya naje nema. Sana'ata yadi ce a Kantin Kwari, to kwanan nan mata sun taso mu gaba da tambayar adire, wannan rinin na Yarbawa, kuma mafi yawan wanda ke shigo mana kasuwa bugun inji ne daga waje, sai nace bari inje inda ake yinsa da hannu in gani da idona in ƙulla ciniki kai tsaye. Dama ina da Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, yana zaune a Sabo ta Abeokuta tun kafin a haifeni, goro yake saye yana lodawa Arewa, don haka masauki bai zama matsala ba.

Daga Legas jirgin ƙasa na hau, wannan sabon layin na Legas zuwa Ibadan da Buhari ya buɗe a 2021. Tun a cikin jirgin ma aka fara karanta min sunayen manya, domin ko wace tasha da sunan wanda aka saka mata, ta Ebute Metta inda muka tashi Mobolaji Johnson, ta Agbado Lateef Jakande, da muka iso Papalanto naga an rubuta Funmilayo Ransome-Kuti, sai ta Abeokuta ita kuma Farfesa Wole Soyinka. Ko awa biyu bamu yi ba muka iso. Ɗan Kawu ne yazo ɗaukana da mashin, yaro ne matashi haifaffen can, Yarbanci a bakinsa har yafi Hausa zama, in yana ciniki da masu tasi ba zaka taɓa cewa jikan Kanawa bane. Tasin garin koraye ne masu ratsin ɗorawa, garin kuma hawa da gangara ne, duwatsu ta ko ina, wasu gidajen ma a jikin dutse aka jingina su.

Washegari da sassafe yace, Yaya kafin kasuwa ta cika muje ka hau Olumo, in ba haka ba rana zata hanaka. Dutsen Olumo yana unguwar Ikija, dab da kasuwar Itoku inda nake da buƙata, tsayinsa mita 137, an yi masa matakala an kuma saka lifta amma mu da ƙafa muka hau. Akwai masu yi wa baƙi bayani, namu wani saurayi ne mai fara'a, ya nuna mana kogon da mutanen Egba, wato Yarbawan da suka kafa garin, suka ɓuya a ciki lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa, wuri ne mai ƙasa-ƙasa sai ka sunkuya sosai zaka shiga, ga ƙananan ramuka a jikin dutsen sun yi santsi inda mata ke niƙa barkono da sauran kayan miya. Na tsuguna na saka hannuna a ɗaya daga ciki, wallahi sai da jikina yayi sanyi, mace tana niƙa a nan yaranta na bayanta ga mahara a ƙasa suna nemansu. Akwai kuma wurin bautarsu na gargajiya da wasu tsofaffin mata ke kula dashi, muka gaishe su muka wuce. A wajajen 1830 aka kafa garin ƙarƙashin wani jagora Sodeke, kuma ba'a barsu sun huta ba, sojojin masarautar Dahomey, dake ƙasar Benin ta yanzu, sun kawo musu hari a 1851 suka sake dawowa a 1864, har da rundunar matan nan tasu da ake ji, duka biyun Egba suka kora su.

A can sama ne na fahimci irin garin da nazo. Jajayen rufin kwano masu tsatsa har iya ganinka, kogin Ogun yana ratsawa ta gefe, hasumiyar babban masallacin Kobiti, ga tsohuwar cocin Ake, sai yaron nan ya fara nuni da yatsa, can Gbagura ne unguwar su Abiola, can Ake ne inda Soyinka ya taso, wancan ɓangaren gidan su Fela, wancan tudun kuma gidan Obasanjo. Duk a waige ɗaya. Mutanen da tun muna yara muke jin sunansu a rediyo, waɗanda rigimarsu ta sha hana ƙasar nan barci, ashe in ka ɗauki mashin cikin 'yan mintuna zaka zagaye ƙofar gidajensu kaf. Kuma jihar Ogun ɗin kanta Murtala ne ya ƙirƙireta ran 3 ga Fabrairu 1976 ya mai da Abeokuta babban birninta, kwana goma bayan nan aka kashe shi, wanda ya gaje shi kuma ɗan garin ne.

Da muka sauko muka faɗa Itoku. Abin da ya fara bani mamaki shine a nan mata ne da harkar rini, su ke zane su ke rinawa su ke sayarwa, mu kuwa a Ƙofar Mata maza ne ke bakin karofi. Wata dattijuwa da muka yi ciniki da ita ta yarda muka leƙa bayan shagonta inda 'yan matanta ke aiki. Akwai wanda ake ƙulle yadin da zare ko da ɗinki kafin a tsoma shi, wannan bai yi nisa da namu ba, amma wanda ya tsayar dani shine wanda suke kira eleko, ana dama sitacin rogo yayi kauri sai yarinya ta ɗauki gashin kaza tana zana shi a kan farin yadi, layi-layi, tsuntsu, ganye, ba tare da ta kalli wani hoto ba, in ya bushe a tsoma a baba, duk inda sitacin ya taɓa ba zai kama rini ba sai a wanke ya fito fari tas a cikin shuɗi. Hannun dattijuwar har wuyan hannu ya rine, faratanta sun koma baƙaƙe. Ta ɗauko na inji ta ajiye kusa da nata tace, Alaji juya bayansa ka gani, na juya, nata rinin ya ratsa gaba da baya, na injin kuwa bayansa fari-fari. Tana magana ɗan Kawu na fassara min, kukan da take yi irin namu ne, kayan waje masu araha sun cika kasuwa mai saye kuma kuɗinsa yake dubawa. Mun daidaita, na sari abin da ƙarfina ya kai.

Matan garin nan ba yau suka fara riƙe kasuwa da ƙarfi ba. Madam Tinubu da ake kiran wani dandali da sunanta a Legas, da Turawa suka sa aka koreta daga can a 1856 nan ta dawo, ita ta taimaka da bindigogi da albarushi a yaƙin Dahomey na 1864 har aka naɗa ta Iyalode, shugabar matan Egba. Amma gaskiya ɗaya ce, cikin dukiyarta akwai kuɗin cinikin bayi, wannan ba abin da za'a shafe bane don tayi jarumta.

Wadda ta fi tsaya min a rai a tafiyar nan gaba ɗaya ita ce Funmilayo Ransome-Kuti. Yawancinmu abin da muka sani kawai uwar Fela ce, wasu su ƙara da cewa tana cikin matan farko da suka tuƙa mota a Najeriya, shikenan. Gidansu yana nan an mai dashi gidan tarihi, tsohon bene ne irin ginin zamanin Turawa, ciki hotunan iyali ne da kayan da suka yi amfani dasu. An haifeta 1900, ita ce mace ta farko da aka ɗauka a makarantar Abeokuta Grammar School, ta je Ingila ta ƙaro karatu, ta dawo ta auri wani limamin coci kuma shugaban makaranta, Israel Ransome-Kuti, wanda shine shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa NUT na farko a 1931. Mace irin wannan da ta ga dama zamanta zata yi cikin matan 'yan boko ana shan shayi, kuma da farko ƙungiyarta ta irin waɗannan matan ce, amma sai ta fara koya wa matan kasuwa karatu da yamma, a nan ta riƙa jin abin da ake musu, ana ƙwace musu shinkafa da sunan dokar farashi, ga haraji da aka ɗora wa mata kai tsaye tun suna 'yan mata, mace tana da abin yi ko bata dashi sai ta biya, ga kuma ba mace ko ɗaya a majalisar da ke yanke yadda za'a kashe kuɗin. Sai ta ajiye kayan Turawa ta koma ɗaura zani da ɗankwali irin nasu, a taro kuma ko da Bature take magana Yarbanci take yi sai dai a fassara masa.

A 1946 ƙungiyar ta zama ta matan Abeokuta baki ɗaya. Ƙarshen 1947 mata wajen dubu goma suka je ƙofar fadar Alake, sarkin Egba, Ademola na biyu, suka zauna, a nan suke girki a nan suke kwana suna masa waƙoƙin zambo, in an hana su izinin zanga-zanga sai suce ai biki suke yi. Aka kama wasu, sauran suka koma suka ƙi tashi sai da aka sako su. Ƙarshenta aka soke harajin matan, aka ba wasu mata kujeru a majalisar riƙo, sarkin da kansa ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949, duk da daga baya ya dawo. Ku duba fa, zamanin En'e ne wannan, lokacin da sarki da Razdan in suka haɗa baki magana ta ƙare, amma masu tallan tumatir da masu rini suka tayar da sarki ba tare da sun ɗauki ko sanda ba. Naje ƙofar fadar ta Ake na tsaya ina ƙiyasta yadda filin nan zai ɗauki wannan taron, ga babban ɗakin taron da aka gina 1930 na cikar garin shekara ɗari yana kallon fadar.

Abin da yasa labarin ya taɓa ni sosai, Hajiya Gambo Sawaba tun tana matashiya a NEPU ta taso daga Arewa takanas tazo garin nan don ta ga wannan matar, bayan ta ji abin da tayi. A wancan zamanin da tafiya Kudu ba wasa bace. Kakata ta wajen uba 'yar NEPU ce ta gani-kashe-ni, har ta rasu in an ambaci Gambo sai ta gyara zama, da tana raye da na bata labarin na tsaya a gidan da Gambo tazo neman shawara. Kuma ku tuna matan Kudu sun samu ƙuri'a tun shekarun 1950, namu na Arewa sai da aka kai 1976 kafin a basu, sai zaɓen 1979 suka jefa ta a babban zaɓe.

Ƙarshen Funmilayo kuma ba daɗin ji. A watan Fabrairu 1977 sojoji wajen dubu suka afka gidan ɗanta Fela a Legas suka ƙona shi, ita tana ciki tana da shekara 76, aka jefo ta ta taga daga bene, bata sake samun lafiya ba har ta rasu a Afrilu 1978. Binciken gwamnati yace sojojin da ba'a san ko su waye ba ne suka yi. Shugaban ƙasa a lokacin Janar Obasanjo. Ni ba mai sauraren kiɗan Fela bane kuma akwai abubuwa da yawa a rayuwarsa da ban yarda dasu ba, amma duk ɗan da aka yi wa uwarsa haka dole ya ɗauki zafi har kabarinsa, shi yasa ya kai akwatin gawa ƙofar barikin Dodan a 1979. Sauran 'ya'yan ma ba baya ba, Beko likita ne ɗan gwagwarmaya da Abacha ya ɗaure, yayansu Olikoye kuma shine ministan lafiya zamanin Babangida daga 1985 zuwa 1992, mutumin da ya dage a kan ƙananan asibitocin karkara da rigakafin yara da ruwan gishiri da sukari, ko a ƙauyukanmu an amfana da aikinsa. Shine kuma ya fito gaban duniya a 1997 ya faɗi cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa Fela, a lokacin da kowa ke ɓoye wannan ciwon, don mutane su yarda akwai shi.

Soyinka ma ɗan dangin ne ta wajen uwa. A Ake ya taso, babansa hedimasta ne a makarantar cocin St Peter, mahaifiyarsa mai shago ce kuma tana cikin matan da suka yi wancan boren, yana yaro ana aikensa tsakaninsu. An haife shi 1934, ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986, ɗan Afirka na farko da ya samu. Abin da ban sani ba sai da ɗan Kawu ya faɗa min shine lokacin yaƙin basasa da gwamnatin Gowon ta tsare shi kusan shekara biyu, a kurkukun Kaduna yayi mafi yawan zaman, shi kaɗai a ɗaki. Nasan mutanenmu da yawa suna da ƙorafi a kansa saboda wasu maganganunsa game da Arewa, nima akwai waɗanda basu min daɗi ba, amma mutumin da ya sha ɗauri a hannun soja, ya sake tserewa ta kan iyakar Benin zamanin Abacha, ba za'a ce bakinsa kawai yake amfani dashi ba. Gidansa yana cikin wani daji a bayan gari, ba'a shiga haka kawai, bamu ma nufi wajen ba. A unguwar Ake ɗin ne kuma wani ɗan mishan Henry Townsend ya fara buga jaridar Iwe Irohin a 1859, jarida ta farko a ƙasar nan kuma da Yarbanci, tamu Gaskiya Ta Fi Kwabo sai 1939 ta fito a Zariya, shekara 80 cif tsakani. In kana neman dalilin da yasa ƙaramin gari ya fitar da alƙalai da likitoci da marubuta haka, to daga nan zaka fara lissafi, boko ya riga shiga nan da wuri kuma suka riƙe shi. Alƙalin alƙalan Najeriya na farko ɗan ƙasa, Adetokunbo Ademola, ɗan wancan sarkin ne da mata suka tayar.

Da daddare bayan isha'i muna zaune ƙofar gidan Kawu a Sabo, ana ta ɗaure huhun goro ana yayyafa masa ruwa, ga mai shayi ga mai tsire kamar kana Fagge, sai na kawo maganar Abiola. Kawu ya ajiye carbinsa yace, kai yaro, ai mu muka ga Abiola. Ya daɗe yana bani labari. Mutumin da aka haifa 1937 a gidan talakawa, 'ya'yan babansa da suka riga shi duk sun mutu suna jarirai shine na farko da ya rayu, yana ɗan shekara tara yana shiga daji yayo itace ya sayar kafin ya tafi makaranta, har Allah ya kai shi Glasgow ya karanta akanta, ya shugabanci kamfanin ITT, ya kafa jaridar Concord, harda ta Hausa mai suna Amana. Kawu yace shi abin da ya gani da idonsa kyauta ce, masallatai, makarantun Islamiyya, kujerun Makka, kuma baya tambayar kai ɗan ina ne. Da zaɓen 12 ga Yuni 1993 yazo, shi da Babagana Kingibe a SDP, Musulmi biyu a tikiti ɗaya kuma Kiristoci suka zaɓe su, ya kada Bashir Tofa har a jihar Kano. Kawu ya nuna ni da yatsa yace, iyayenka ne suka zaɓe shi a can, mu muka zaɓe shi a nan, amma da aka soke zaɓen sai aka wayi gari ana kallonmu kamar mu muka soke. Yace a watannin nan mutanen Sabo da yawa sun kwashe iyali sun yi Arewa, motoci cike da katifu da tukwane, shi ya tura mata da yara ya zauna, kuma maƙwabtansa Yarbawa da suke sallah tare su suka riƙa kwana suna tsaron layin.

Ni kuma abin da nake juyawa a raina yana maganar shine wa aka ba kujerar bayan Babangida ya matsa gefe? Ernest Shonekan, shugaban kamfanin UAC a da, shima asalinsa ɗan Abeokuta, ya riƙe bai cika wata uku ba Abacha ya karɓe a Nuwamba 1993. Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a 1994 aka kama shi, aka harbe matarsa Kudirat a titin Legas a 1996, ita kuma haifaffiyar Zariya ce, shi ya rasu a tsare ran 7 ga Yuli 1998. Da aka tashi lallashin Yarbawa a 1999 sai aka ɗauko Obasanjo, wanda makaranta ɗaya suka yi da Abiola, Baptist Boys' High School ta nan garin, har mujallar makarantar suka yi wa aiki tare, Abiola edita Obasanjo mataimakinsa. Obasanjo yayi shekara takwas a mulki ranar dimokuraɗiyya tana 29 ga Mayu, sai Buhari mutumin Daura ne yazo a 2018 ya mai da ita 12 ga Yuni ya kuma ba Abiola lambar girmamawa ta GCFR. In ka jera abin haka sai kaga kamar rigimar 'yan uba ce a gida ɗaya ta fito waje ta cinye ƙasa. Na faɗa wa Kawu haka, yace ai ko a nan garin ba duka ɗaya suke ba, akwai Ake akwai Oke-Ona akwai Gbagura akwai Owu, kowa da sarkinsa, Abiola Gbagura ne Obasanjo kuma Owu.

Ɗakin karatun Obasanjo dake Oke-Mosan, wanda aka buɗe a 2017, wuri ne babba sosai, da gidan tarihi da otal da wurin namun daji duk a ciki, ana biyan kuɗin shiga. Akwai motocin da ya hau, kayan soja, kyaututtukan shugabannin duniya, amma inda na fi daɗewa shine kwaikwayon ɗakin kurkukun da ya zauna a Yola bayan Abacha ya ɗaure shi a 1995 kan zargin juyin mulki. Ɗan ƙaramin ɗaki, mutumin da ya taɓa mulkin ƙasar gaba ɗaya. Ina tsaye sai Shehu Musa 'Yar'aduwa ya faɗo min, mataimakinsa zamanin soja, zargi ɗaya aka musu, shi bai fito da rai ba, a kurkukun Abakaliki ya rasu a Disamba 1997, Allah ya jiƙansa. Ra'ayina a kan Obasanjo a rabe yake kuma wannan ginin bai sauya min shi ba. Ya miƙa wa Shagari mulki a 1979 lokacin da sojojin Afirka basa sauka, a zamaninsa wayar salula ta shigo, aka yafe mana bashin dala biliyan 18 a 2005, duk wannan nasa ne. Amma akwai kisan da sojoji suka yi a garuruwan Odi da Zaki Biam, akwai neman tazarce karo na uku, akwai tagar da aka jefo tsohuwar nan. Wuri ne da mutum ya gina don ya bada labarin kansa da bakinsa, in ka shiga ka riƙe wannan a ranka.

Akwai wasu mutum biyu da ba'a cika ambatonsu ba amma ni sun burge ni. Ɗaya Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na asibitin Aro dake hanyar fita gari. A 1954 ya fito da wani tsari, maimakon a kulle mai taɓin hankali a ɗaki sai a sama masa masauki a gidajen ƙauyen dake kewaye da asibitin, tare da wani ɗan uwansa, da rana yazo a duba shi da yamma ya koma cikin mutane, har masu maganin gargajiya ya jawo suna aiki tare, daga baya ya zama mataimakin shugaban hukumar lafiya ta duniya WHO. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan uwansa ɗaure da mari a ƙafa saboda wannan lalurar zai gane girman abin da mutumin nan yayi tun shekara 70 da suka wuce. Na biyu Dakta Lateef Adegbite, duk wanda yayi MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, a sakandare to ya ci albarkacinsa, yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1954 kuma shine shugabanta na ƙasa na farko, daga baya ya daɗe yana sakataren majalisar ƙoli ta harkokin Musulunci, yana aiki da Sarkin Musulmi, har ya rasu a 2012. Mu da yawa in ance Abeokuta coci kawai muke hangowa, alhali na yi Juma'a a masallacin Kobiti sahu har kan titi, ga jami'ar Crescent da Bola Ajibola tsohon alƙalin kotun duniya ya kafa a 2005. Ɗan Kawu kuma bai yarda mun tashi hirar ba sai da ya saka nasa gwanin, Muda Lawal, ɗan garin ne, shi ya ci ƙwallo ta uku a wasan ƙarshe da muka doke Aljeriya 3 da nema muka ɗauki kofin Afirka a 1980.

Duk wanda harka ta kai shi Legas ko Ibadan, don Allah ya ware yini guda ya shiga garin nan, jirgin safe zai kama, ya fara da Olumo kafin rana tayi zafi, ya saka takalmin da baya santsi, daga nan Itoku da ƙafa ma zai isa, sai gidan su Kuti da fadar Ake, ɗakin karatun Obasanjo kuma ya barshi sai la'asar don yana cin lokaci. Abinci ya nemi shinkafar ofada da ake zubawa a ganye, amma ya ce a rage masa miya in baya jure yaji, in kuma tuwo yake so Sabo tana nan. A Itoku kar ya saya a shagon farko, ya zaga tukuna, kuma ko wane yadi aka miƙo masa ya juya bayansa ya duba.